Ciwon Fuka ga Yara: Me Gwajin Jini Yake Nunawa?

Duk malamin da ya taɓa riƙon ɗakin kwanan ɗalibai ya san irin wannan dare. Can wajen ƙarfe uku, lokacin da sanyin hunturu ya gama sauka, sai a ji wani yaro ya tashi zaune bisa gado, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ƙirjinsa yana fito kamar ana busa sarewar kara. Iska tana shiga da ƙyar, fitarta kuwa ta fi wuya. Da hantsi sai ya warware, har ma a gan shi a filin ƙwallo, abokansa su ce ai lambo yake yi. Ba lambo ba ne. Wannan shi ne ciwon da kakanninmu suke kira fuka, mutanen yanzu kuma suke ce masa asma. Kada a haɗa shi da tarin fuka, wanda ƙwayar cuta take kawowa kuma ake ɗauka daga mutum zuwa mutum. Asma ba a ɗaukarta, ko da an ci abinci a kwano ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 suke fama da asma, kuma ta kashe kimanin 455,000. A Nijeriya, binciken da aka yi a makarantun Ibadan cikin shekarun 1990 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin goma na 'yan shekara 13 zuwa 14 ya yi fiton ƙirji a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Tambayar wannan darasi ita ce: idan aka ɗebi jinin irin wannan yaro aka kai ɗakin gwaji, wace alama za a gani? Kuma shin ma'anar alamar ɗaya ce ga yaron Landan da yaron Ƙaraye ko Rogo?

Abin da yake faruwa cikin ƙirji

Hanyar iska tana kama da bishiya da aka kifa. Maƙogwaro shi ne gindi, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rabuwa har ya zama 'yan bututaye sirara cikin huhu. Kowane bututu yana da shimfiɗa mai laushi daga ciki, da tsoka mai kewaye shi kamar zobe. Mutanen da sun ɗauka cewa asma tsukewar wannan tsoka ce kawai. Yanzu an san cewa tushen ciwon kumburi ne da yake zaune a shimfiɗar bututun, yana nan ko a ranakun da yaro yake jin garau. Tsukewar tsoka da yawan majina 'ya'yan wannan kumburi ne.

Ɗaliban kimiyyar fiziks za su gane dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga yara. A bisa ƙa'idar Poiseuille, idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa takan ninka sau 16. Bututun yaro tun asali siriri ne, saboda haka ɗan kumburin da babba ba zai ji ba ya isa ya hana yaro barci.

To, mene ne yake kunna kumburin? Ga mafi yawan yara masu asma, garkuwar jikinsu ce take ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba. Wannan hali ɗan'uwan borin jini ne. Ƙaiƙayin dawa lokacin sussuka da shiƙa, da garin furen ciyawa, da gashin kyanwa, da kashin kyankyaso, da wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani mai zama cikin ƙurar katifa, duk suna iya zama sanadi. Jiki yakan ƙera musu wani makami na musamman mai suna IgE, wanda yake maƙalewa a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mas, masu gadin shimfiɗar bututun iska. Ranar da yaro ya sake shaƙar abin, sai ƙwayoyin mas su zubar da histamin da 'yan'uwansa, cikin 'yan mintoci tsoka ta tsuke. Bayan wasu sa'o'i kuma sai runduna ta biyu ta iso ta hanyar jini. Wannan runduna ta biyu ita ce abin nemanmu a ɗakin gwaji.

Ƙwayar da ta sha jan rini

A cikin maikurolita guda ta jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, akwai jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan biyar, da fararen ƙwayoyi daga 4,000 zuwa 11,000. Fararen su ne sojoji, kuma iri-iri ne. Wanda ya fara rarrabe su sosai shi ne Bajamushe Paul Ehrlich, kuma da rini ya yi aikin, kamar mai marina. A shekarar 1879 ya bayyana wata farar ƙwaya wadda cikinta yake cike da tsaba-tsaba masu shan wani jan rini mai suna iyosin. An samo sunan rinin daga kalmar Girkanci mai nufin ketowar alfijir, saboda launinsa. Ita kuma ƙwayar sai aka kira ta iyosinofil, ma'ana mai son iyosin. Wanda ya taɓa duba ta a madubin likita ba ya manta ta: ga tsaba jajaye, ga cibiya mai kunnuwa biyu kamar tabarau.

A ɓargo ake ƙera iyosinofil, bisa umurnin wani ɗan aike na garkuwar jiki mai suna IL-5. Ba ta daɗewa cikin jini, 'yan sa'o'i ne take yi ta wuce cikin nama. Idan ta isa bututun iska sai ta fasa tsabarta, gubar ciki ta ɗaye shimfiɗar bututun, jijiyoyin da ke ƙarƙashi su fito fili. Shi ya sa mai asma yake tari da abin da bai kai ya kawo ba: iska mai sanyi, hayaƙin itace a madafi, maganin sauro na kunnawa, ko gudu a fili.

Wani likita a garin Derby na Ingila, Harry Morrow Brown, shi ne ya nuna amfanin neman wannan ƙwaya. A 1958 ya ba da rahoton cewa masu asmar da ya ga iyosinofil cikin kakinsu su ne suke samun sauƙi da maganin kashe kumburi na dangin sitiroyid, waɗanda ba su da ita kuwa ba su cika amfana ba. Da madubi kawai ya gano haka. Sai dai samun kaki daga ƙaramin yaro aiki ne ja, domin haɗiye shi yake yi. Saboda haka aka koma ga jini, wanda yake nuna rundunar a kan hanyarta ta zuwa fagen fama.

Takardar sakamakon ƙidayar jini sau da yawa kashi cikin ɗari take bayarwa, alhali ainihin adadi ake bukata. Lissafin ba wuya. Alal misali, idan fararen ƙwayoyi 8,000 ne, iyosinofil kuma kashi 5 cikin ɗari, sai a ce 8,000 sau 5 a raba da 100, ya ba da 400 a kowace maikurolita. Abin da ya haura 500 ana ɗaukarsa ya wuce ƙa'ida ga kowa. A sha'anin asma kuwa likitoci sukan lura da 300. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2016, kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu asma, ya nuna cewa waɗanda adadinsu ya kai 300 ko jikinsu ya nuna ƙyamar abubuwan shaƙa su ne suka fi amfana da shaƙar sitiroyid kullum.

Har ila yau adadin ba tsayayye ba ne. Yakan hau da dare ya sauka da safe. Zazzaɓi mai zafi yakan danne shi. Ƙwayar firednisolon ko desametason, irin wadda ake saye a kantin magani ba tare da takardar likita ba, takan kusan share shi daga jini na wani lokaci. Wajibi ne uba ya gaya wa likita duk abin da yaro ya sha kafin a ɗebi jini.

Da muka iso Ƙaraye

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu daga ƙasashen da tsutsar ciki ta kusan ƙarewa aka koyo shi. A nan gizo yake saƙar, domin aikin asali na iyosinofil da IgE shi ne yaƙi da tsutsotsi. Tsutsa ta fi ƙarfin ƙwayar jini ta haɗiye ta, saboda haka sai iyosinofil su yanyame ta su zuba mata guba. Asma, a wata fuska, makamin tsutsa ne da aka juya kan ƙura.

Ƙasar Ƙaraye da Rogo ƙasar noma ce da ruwa. A Ƙaraye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, ga kuma fadamu da kududdufai da wuraren noman rani. A ƙasar Hausa, duk inda ruwa ya kwanta har katantanwa ta samu wurin zama, yara kuma suna wanka da kamun kifi a ciki, to akwai haɗarin tsargiya, wato ciwon nan mai sa fitsarin jini. Tsutsa ce take kawo shi. Ga tsutsa mai ƙugiya da take huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a gona mai damshi, ga kuma doguwar tsutsar hanji da ake haɗiyar ƙwanta tare da ƙasa. Dukkansu suna iya ɗaga iyosinofil, wani lokaci har fiye da yadda asma take yi.

Tarihin IgE kansa ya koyar da wannan darasi tun da wuri. Mata da miji 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, masu aiki a wata cibiyar binciken asmar yara a Denver ta Amurka, su ne suka gano shi a 1966, a daidai lokacin da Johansson da Bennich suke bin sawunsa a Uppsala ta Suwidin. A 1968 Johansson da abokan aikinsa suka auna shi a jinin yaran Habasha, sai suka tarar ya ninka na yaran Suwidin sau da yawa, kuma ya fi yawa ga masu doguwar tsutsar hanji. A 1975 wani bincike a Gambiya ya sami mutanen ƙauye da IgE mai yawan gaske, asma kuwa da wuya a same ta cikinsu, sai a birni.

A wannan shekara ta 1975 David Warrell da abokan aikinsa suka buga bincikensu kan masu asma 106 a Zariya, wadda ba ta da nisa da Rogo. Abubuwa biyu cikin rahoton sun cancanci tunani. Na farko, mafi yawan majinyatan sai da suka girma ciwon ya fara musu, asmar ƙuruciya ba ta da yawa. Na biyu, da dama daga cikinsu da damina ciwon ya fi tsananta, kuma an sami ƙwaron nan na ƙura cikin katifu. Mu dai mun saba ɗora wa hunturu da hazo laifi, kuma suna da nasu, amma ƙwaron katifa damshi yake so. Yaron da ƙirjinsa ya fi kamawa a watan Agusta, a dubi shimfiɗarsa.

Akwai wani abin mamaki kuma. A 2000 masu bincike a Gabon suka ba da rahoton cewa yaran makaranta masu tsargiya ba su cika nuna ƙyamar ƙwaron katifa a gwajin fata ba, in an gwada su da marasa ita. Bayanin da suka kawo shi ne, tsutsa tana sa jiki ya yawaita wani ɗan aike mai suna IL-10, mai kwantar da garkuwar jiki, don ta samu ta zauna lafiya. Kada wani ɗalibi ya fahimci cewa tsutsa magani ce. Tsargiya tana lalata mafitsara da ƙoda, tsutsa mai ƙugiya tana shanye jini, kuma dole a kashe su. Abin da binciken ya nuna shi ne, yawan iyosinofil da IgE a jinin yaron karkara yana da fassara fiye da ɗaya.

Wani abu yana ƙara dagula lissafin. 'Ya'yan doguwar tsutsar hanji, bayan sun ƙyanƙyashe, sukan bi jini su ratsa ta huhu kafin su hau maƙogwaro a haɗiye su su koma hanji. A kwanakin wannan ratse yaro yakan yi tari da fiton ƙirji, iyosinofil kuma su cika jini. Likitan Suwizalan Wilhelm Löffler ya bayyana irin wannan hali a 1932. Kowane bangare nasa ya yi kama da asma, amma cikin 'yan makonni yake wucewa.

Mu ƙaddara yara biyu 'yan aji ɗaya, an gwada su duka an sami 900. Na farko ɗan masunta ne, kullum yana bakin ruwa, ƙarshen fitsarinsa yakan zo da jini, bai taɓa tashi da dare yana haki ba. Ta biyu yarinya ce mai yawan atishawa, mahaifiyarta tana da asma, kuma duk ranar da aka share ɗaki ko aka yi shiƙa sai ta kwana zaune. Lambar ɗaya ce. Na farko gwajin fitsari da bayan gida yake bukata, sa'an nan maganin firazikwantel. Ta biyu aunin numfashi take bukata da maganin shaƙa, ko da yake ita ma a duba mata tsutsa, domin ba abin da ya hana yaro ɗaya ya haɗa biyun. A ganina, likitan da ya karanta wannan lamba bai tambayi inda yaro yake wanka ba, rabin aiki ya yi.

Sauran ma'aunai

Akwai CRP, wani sinadari da hanta take fitarwa idan jiki ya kamu, wanda Tillett da Francis suka gano a 1930 a jinin masu ciwon nimoniya. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, ƙurji yana ɗaga shi, saboda haka bai faɗi komai game da asma ita kaɗai ba. Amfaninsa shi ne ya ja hankalin likita cewa watakila akwai wata cuta a bayan hakin.

A 'yan shekarun nan kuma ana yawan rubutu kan raba adadin nutirofil da na limfosayit, wasu fararen ƙwayoyi biyu, domin awon yana da arha kuma yakan hau lokacin da asma ta tashi. Ina ganin a yi hattara da shi. Sitiroyid da kansa yana ɗaga nutirofil. Bugu da ƙari, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama mai suna Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado nutirofil ɗinsu a jini yakan yi ƙasa da na Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Iyakar da aka yanka a wata nahiya ba lallai ta yi daidai da ɗan Rogo ba.

Manyan asibitocin duniya suna da wata na'ura da yaro yake hurawa ta auna iskar naitirik oksaid cikin numfashi, wadda takan ƙaru idan akwai kumburin irin na iyosinofil. Suna kuma da allurai masu tsadar gaske, kamar omalizumab mai ɗaure IgE, da aka amince da shi a Amurka a 2003, da mepolizumab mai toshe IL-5, na 2015. Da adadin iyosinofil ko na IgE ake zaɓen wanda za a ba su, kuma ana gargaɗin a fara kashe tsutsar ciki in akwai ta.

To, ina amfanin gwajin?

Gwajin jini ba ya tabbatar da asma, ba ya kuma kore ta. Akwai masu asma da adadinsu yake daidai. Ana gane ciwon ne daga labarin yaro: tari da fito masu zuwa su tafi, masu tsananta da dare ko da asuba, masu bin ƙura ko gudu ko mura, masu lafawa da maganin buɗe bututu. Daga shekara biyar ko shida zuwa sama ana iya ƙarawa da aunin ƙarfin hurawa. Idan abin ya rikice sai a tura yaro babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Jini yana shigowa ne bayan haka, don ya nuna irin kumburin, ya kuma taimaka wajen hasashen wanda zai amfana da maganin kashe shi.

Wannan kuwa ya kai mu ga kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu. Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol, mai shuɗin gwangwani, yana sassauta tsoka cikin mintoci amma ba ya taɓa kumburi. Na biyu, irin su bekulometason da budesonaid, shi ne mai kashe kumburin a hankali, kuma kullum ake shaƙarsa ko da lafiya. Iyaye sukan riƙe na farko su yar da na biyu, don ba su ga aikinsa nan take ba. Tun 2019 kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin maganin asma ya daina ba da shawarar dogaro da salbutamol kaɗai ga matasa da manya. Maganar da ake yi cewa wai abin shaƙa yana zama jaraba ba ta da tushe, kuma ɗan abin da ake shaƙa bai kama ƙafar illar ƙwayoyin sitiroyid da ake ɗirka wa yara ba bisa ƙa'ida ba. Ƙaramin yaro ba ya iya daidaita fesawa da zuƙa, saboda haka yana bukatar mazurari tsakanin gwangwani da baki. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai rabin lita, in an huda gindinta an liƙa bakin gwangwanin sosai, tana yin aikin mazurarin kanti.

Malamin ɗakin kwana kuma ya riƙe waɗannan alamu: yaron da ya kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko leɓɓansa suka canza launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko fiton ƙirjinsa ya ɗauke alhali yana ta fama. Wannan shirun ba sauƙi ba ne, iska ce ta kusan daina wucewa. A ba shi salbutamol, a zaunar da shi tsaye, a nufi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Aikin aji

An gwada wata ɗaliba an sami fararen ƙwayoyi 6,500, iyosinofil kashi 12 cikin ɗari. An ba ta maganin tsutsa, bayan wata uku aka sake gwaji aka sami 7,000 da kashi 5 cikin ɗari, amma har yanzu tana tashi da tari sau biyu a mako. A lissafa ainihin adadin a kowane gwaji. Sa'an nan kowane rukuni ya rubuta tambayoyi biyar da zai yi wa mahaifiyarta game da ɗakin kwananta, da madafi, da inda take ɗebo ruwa.